Kayan Sauti Masu Tsadar Gaske: Suna Ƙara Daɗin Kiɗa Kuwa? Tambayoyi da Amsoshi

Abin da ake kira hi-fi shi ne kayan sauraren da aka ƙera don su fitar da sauti yadda aka ɗauke shi, ba ƙari ba ragi. Akwai na kuɗi kaɗan, akwai kuma wanda kuɗinsa zai gina unguwa. Sifikar WAMM Master Chronosonic ta kamfanin Wilson Audio a Amurka ta fito a kan dala 685,000, hedfon ɗin HE 1 na Sennheiser kuma ya haura dala 50,000. Ga tambayoyin da masu niyyar sayen kaya suka fi yi, da amsarsu.

Tsada tana ƙara daɗi ko ba ta ƙarawa?

Tana ƙarawa, amma tana da inda take tsayawa. Wanda ya tashi daga ƙaramar sifikar Bluetooth ya koma sifika biyu masu kyau da amfilifaya ta gaskiya zai ji kamar an cire masa auduga daga kunne. Zai rarrabe kalangu da ganga, zai ji inda mawaƙi ya ja numfashi, zai san ta wane ɓangare 'yan amshi suke. Idan ya ninka kuɗin nan sau biyu zai ƙara samun wani abu, musamman a zurfin bes da iya ƙure ƙara ba tare da sautin ya dagule ba. Idan ya ninka sau goma, yawancin abin da zai biya kuɗin katako mai sheƙi ne, da ƙarfen da aka sassaƙa, da sunan kamfani, da ribar dillali, da tsadar ƙera abin da ba a sayar da shi da yawa.

Kuma ba duk kayan ne kuɗi ke aiki a kansu daidai ba. A sifika da gyaran ɗaki kuɗi yana magana. A amfilifaya yana magana kaɗan. A waya da na'urar da ke juya lambobi su zama sauti, da wuri yake yin shiru.

To me ya sa waɗanda suka sayi masu tsadar suke rantsuwa cewa sun ji bambanci?

Domin sun ji ɗin, ba ƙarya suke yi ba. Sai dai kunne ba shi kaɗai yake ji ba, ido da zuciya suna sa baki. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun buga sakamakon wani gwaji da har yau ake kafa hujja da shi. Sun sa mutane sun saurari sifiku iri huɗu sau biyu: sau ɗaya suna kallonsu, sau ɗaya an sa labulen da sauti ke ratsawa. Da ido a buɗe, manyan nan masu tsada suka kwashe maki. Da aka ja labule sai tazarar ta ragu ƙwarai, ƙaramar mai araha ta ɗago. Wani abin lura kuma: a bayan labule, da an gusar da sifika daga wurinta sai makin ya canza, domin sautin ya canza da gaske. Da ido a buɗe kuwa makin bai cika motsi ba, mutane sun riga sun yanke hukunci tun kafin a kunna. Ƙwararrun masu saurare ma ba su tsira ba.

Abu na biyu shi ne ƙara. Idan aka kunna kaya biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya ƙara da ko da rabin dasibel ne (dasibel shi ne awon ƙarfin ƙara), kunne ba zai ce wannan ya fi ƙara ba, zai ce ya fi cika, ya fi fitowa fili. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam yana ƙara jin bes da siririn sauti gwargwadon yadda ƙara ta ƙaru. Duk gwajin da ba a daidaita ƙara ba, wanda ya fi ƙara ne zai ci.

Ta yaya zan gwada da kaina ba tare da ido ya yaudare ni ba?

Ana kiran hanyar ABX, kuma David Clark ya bayyana ta a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES a 1982. Kana buƙatar aboki, kwabo, takarda, da mita irin ta masu gyaran lantarki.

Fara da daidaita ƙara. Kunna sauti guda mai tsayawa a 400 Hz, wato mai girgiza sau 400 a daƙiƙa, ka sa mita a kan awon AC, ka auna a bakin inda wayar sifika take shiga. Juya maɓallin ƙarar na'ura ta biyu har awon ya zo daidai da na farko, kada bambancin ya wuce kashi 1 cikin 100. Daga nan ba mai sake taɓa maɓallin. Ka saurari ta farko, wato A, ka saurari ta biyu, wato B. Sai abokin ya jefa kwabo a inda ba ka gani, ya haɗa wanda ya faɗo a matsayin X, kai kuma ka rubuta ko A ne ko B. Kada ya yi magana, kada ka ga fuskarsa, kuma kowane zagaye ya cire wayoyin ya mayar ko da bai canza komai ba, don kada ƙarar canjin ta tona asiri. Ku yi zagaye 16. Idan ka ci 12 ko fiye, da alama bambancin na gaske ne, domin sa'a kaɗai ba ta kai mutum nan sai kamar sau 4 cikin 100. Idan ka tsaya a 8 ko 9, canka kawai ka yi.

Don gwada fayil da fayil ba sai da aboki ba. Manhajar foobar2000 ta kwamfuta kyauta ce, kuma ana ƙara mata wani ɓangare da ke yin wannan gwajin.

Amfilifaya fa? Ta dala 10,000 ba ta fi ta dala 300 ba?

Za ta iya fin ta ƙarfi, da juriya, da kyan ƙira. A sauti kuwa, idan duka biyun lafiyarsu lau kuma ba a tura su fiye da ƙarfinsu ba, rarrabe su da rufaffen ido abu ne mai wuya. A 1987 mujallar Stereo Review ta Amurka ta shirya gwaji inda aka jera amfilifaya da dama, daga Pioneer ta kusan dala 220 har zuwa Futterman ta dala 12,000, kuma masu sauraren ba su iya rarrabe su ta yadda za a dogara da shi ba.

Abin da ya kamata ka duba shi ne ƙarfin da sifikarka take buƙata. A bayan kowace sifikar kirki ana rubuta yawan ƙarar da take bayarwa da wat 1 a nisan mita 1. A ce an rubuta dasibel 88. Kana zaune nisan mita 3, sifika biyu suna aiki, bango yana dawo da wani abu: wat 1 kacal zai ba ka wajen dasibel 82 zuwa 84, wanda ya riga ya hana hira. Sai dai kiɗa yana da duka na bazata, kamar saukar gula a kan ganga, da kan haura matsakaicin ƙara da dasibel 15. Kowane ƙarin dasibel 3 yana cin ninkin wuta, don haka dasibel 15 na nufin wat 32. Amfilifaya mai wat 50 zuwa 80 a kowane ɓangare ta wadatar a falo na gida. Idan sifikar dasibel 85 ce, ninka lissafin. Idan kuma an rubuta om 4 a jikinta, wato awon turjiyarta ga wuta, tabbatar amfilifayar ta yarda da om 4, in ba haka ba za ta yi zafi ta riƙa kashe kanta.

Na ga an rubuta wat 5,000 a jikin wata wufa mai araha. Gaskiya ne?

Duba ko akwai haruffan PMPO kusa da lambar. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Awon da ake kamawa shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ba tsayawa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka juya bayan na'urar ka karanta wutar da take sha daga soket. Na'urar da ke shan wat 60 ba ta da inda za ta samo wat 5,000 ta ba sifika.

Ƙaramar amfilifaya ma tana ƙona sifika, mutane da yawa ba su san haka ba. Idan aka ƙure ta fiye da ƙarfinta sai ta riƙa guntule kan sautin, wannan guntulewar tana haifar da siririn amo mai yawa da ke tafiya kai tsaye zuwa tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, kwayil ɗinta siriri ne, nan da nan ya ƙone. Da ka ji sauti ya fara kaushi yana tsatsage, rage ƙara.

A ina ya fi dacewa in zuba mafi yawan kuɗina?

A ganinmu, wajen rabi ya tafi a sifika. Ita ce take juya lantarki ya zama motsin iska, kuma ita ce ta fi kowa kuskure: gurɓatar sautin amfilifaya mai kyau ba ta kai kashi 0.1 cikin 100 ba, ta sifika a wajen bes takan haura kashi 1 cikin sauƙi. Kashi 20 ga amfilifaya, kashi 15 ga kariyar wuta, ragowar ga ɗaki, wayoyi da abin da za a kunna kiɗan da shi. Wanda ɗakinsa tayil ne da bango tsirara ya rage daga kason amfilifaya ya ƙara wa ɗakin.

Me ɗaki ya yi da har ake ba shi wannan muhimmanci?

Abin da ke isa kunnenka a kujera ba daga sifika kaɗai yake zuwa ba. Kaso mai yawa ya bugi bango, ko tayil, ko silin, kafin ya iso. Ginin da ya fi yawa a biranenmu yanzu, bulo da filasta, tayil a ƙasa, gilashi a taga, duk abubuwa ne da ba sa shan sauti. Tsaya a tsakiyar falo ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani zirrr yana bin bayan tafin, to duk sifikar da ka kawo, kome tsadarta, za ta yi amsa-kuwwa, kalmomin mawaƙi su haɗe da juna.

Maganin siririn sauti da na tsakiya mai sauƙi ne. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin sifika da kujera. Sa labule mai nauyi, mai ninki, ba wanda aka miƙe sumul ba. Kujerun kushin da kantar littattafai suna taimakawa. Don gano inda sauti ke fara bugun bangon gefe, zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bango. Duk inda ka hango sifika a cikin madubin, nan ne za a rataya abin shan sauti. Kaurin abin shi ne magana. Soso mai santimita 2 siririn sauti kawai yake ci, ya bar ɗakin ya yi dum. Audugar gini mai kaurin santimita 10 a cikin firam na katako da aka lulluɓe da yadi ta fi shi nesa ba kusa ba, tsohuwar katifa ma tana aiki. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya yin komai a wannan fanni, ga haɗarin gobara.

Bes ne mai wuyar sha'ani. Kowane ɗaki yana da sautukan da yake kumburawa, kuma ana lissafa na farko ta raba 343, wato mitocin da sauti ke ci a daƙiƙa, da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura 43 Hz, mai faɗin mita 3 yana kumbura 57 Hz. Ɗakin nan da magina suka saba yi, ƙafa 12 da 12, tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, don haka duka biyun suna haɗuwa a wajen 47 Hz. Shi ya sa a irin ɗakin nan wani bugun bes zai girgiza taga, na kusa da shi kuma ya ɓace. A tsakiyar ɗaki wannan sautin yana mutuwa, a jikin bango yana yin yawa. Kada ka zauna a ɗayan biyun. Wajen kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin wuri ne mai kyau na fara gwaji.

Mai son ya ga abin da ido, manhajar REW ta auna sautin ɗaki kyauta ce, makirfon awo na UMIK-1 kuma bai wuce dala 100 da 'yan kai ba. Za ka ga tudu da kwari na dasibel 10 zuwa 15 a wajen bes. Babu wata waya ko amfilifaya a duniya da ke kawo canjin da ya kusanci haka.

Yaya ake jera sifika daidai?

Sifika biyu da kanka su zama kamar duwatsun murhu, tazararsu ɗaya: idan mita 2 ce tsakanin sifikun, kai ma mita 2 daga kowace. Tuwita ta zo daidai tsayin kunnenka kana zaune. Janye su daga bangon baya kamar santimita 50, fiye da haka idan ramin iskarsu a baya yake, kuma kada a cusa su a lungu. Karkato su kaɗan su dube ka. Idan an dace, muryar mawaƙi za ta tsaya a tsakiya kamar akwai sifika ta uku a wurin.

Idan muryar ta watse, bes ya yi ƙaranci, duba wayoyin: ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a duka ɓangarorin. Juya ɗaya kawai yana sa sifika ɗaya ta tura iska yayin da ɗayar ke ja. Idan alamar ta goge, taɓa batir mai bolt 1.5 a wayar na ɗan lokaci. In fatar sifikar ta turo waje, wayar da ke ɓangaren batir mai alamar + ita ce ja.

Wufa kuma, ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kunna kiɗa mai bes, ka zagaya gefen bango a durƙushe. Inda ka ji bes ya fito sumul, ba kumburi ba rami, nan ne mazauninta. Sa maɓallin da ke iyakance sautin da take fitarwa a 80 Hz, ka rage ƙararta har sai ka daina gane daga ina bes ɗin yake fitowa.

Wayar sifika ta dubban daloli tana da wani amfani?

Aikin waya shi ne ta kai wuta ba tare da ta tare ta ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce turjiyar waya kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na ta sifika: om 0.4 ga sifika mai om 8, om 0.2 ga mai om 4. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5, irin wadda ake wayarin soket da ita, turjiyarta wajen om 0.007 ce a kowace mita. Nisan mita 5, zuwa da dawowa mita 10, ya zama om 0.07. An gama magana. Azurfa da zinare ba su da sauran abin da za su gyara.

Abin tsoro a kasuwa shi ne wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Turjiyarta ta ɗara ta jan ƙarfe da fiye da rabi, tana karyewa, tana kuma yin tsatsa a mahaɗa. Kankare silin ɗaya da reza: idan ciki fari ne, alminiyam ce. Wayoyin USB, HDMI da na haske kuwa lambobi suke ɗauka. In sun lalace za ka ji yankewa ko ƙas-ƙas, ba raguwar zaƙi ba.

MP3, FLAC, da abin da ake kira hi-res: wanne kunne yake ganewa?

Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 yana ɗaukar awo 44,100 a daƙiƙa da bit 16. Wannan ya isa ya riƙe sauti har 22,050 Hz, alhali kunnen yaro mai lafiya a 20,000 yake tsayawa, na wanda ya haura shekara 40 kuma da wuya ya wuce 15,000 ko 16,000. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙantar sauti da mafi girma a CD dasibel 96 ce. Ɗaki mai shiru da daddare yana da hayaniyar dasibel 30 nasa na kansa. Haɗa su ka ga 126, ƙarar da ke sa kunne ciwo. Da fanka tana juyawa ko janareta na ruri a maƙwabta, ko rabin abin da CD ke iyawa ba ka amfani da shi.

A 2007 Brad Meyer da David Moran sun gwada hi-res, wato ɗaukar da ta fi ta CD yawan awo da bit, da matakin CD sau 554, aka dace sau 276, wato rabi. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara bincike 18 ya samu dacewar kashi 52 da ɗoriya cikin 100. Akwai ɗan bambanci ke nan, ƙanƙani, wanda horarru suka fi kamawa.

Inda matsalar take a ƙasa ne. Waƙar da aka matse zuwa 64 ko 96 kbps, aka ciro daga bidiyo, aka tura ta WhatsApp, aka sake juya ta kafin mai turin waƙoƙi ya zuba ta a memori, ta riga ta rasa abin da ba zai dawo ba. Za ka ji kuge da tafi suna wani shuu kamar a cikin ruwa. Mayar da ita FLAC, wato fayil ɗin da ba ya zubar da komai na sauti, ba ya gyara ta, girman fayil kawai yake ƙarawa. Nemi MP3 mai 320 ko AAC mai 256 daga asalin tushe. A wannan matakin yawancin mutane ba sa rarrabe shi da CD. Ka sani kuma, kaya masu kyau ba sa rufa wa mummunan ɗauka asiri, tona shi suke yi.

Sai na sayi DAC na daban, wato na'urar da ke juya lambobi su zama sauti?

Idan jakin wayarka ko kwamfutarka yana tsaki, ko ƙararsa ba ta isa, e. Ƙaramin mahaɗin USB-C na Apple, mai DAC a cikinsa, na wajen dala 9, ya riga ya wuce abin da kunne ke iya kamawa ga yawancin hedfon. Na jabu ne abin gudu.

Hedfon fa, tsada tana nuna kyau?

Ba lalle ba. A 2017 Jeroen Breebaart ya duba awon hedfon 283 bai samu wata alaƙa ta kirki tsakanin farashi da daidaiton sautinsu ba. Sony MDR-7506 ya fito tun 1991, kuɗinsa wajen dala 100, kuma har gobe yana rataye a ɗakunan ɗaukar sauti da gidajen rediyo. Ga mai zama a gidan haya ko ɗaki mai amsa-kuwwa, hedfon ne hanya mafi araha ta jin sauti mai tsabta, domin ya fitar da ɗaki daga lissafi. A na cusawa cikin kunne, robar bakin ita ce komai: in ba ta toshe ramin kunne ba bes zai zube. Gwada duk girma ukun da ke cikin kwalin.

Kula da ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dasibel 80 na awa 40 a mako ga babba, kuma kowane ƙarin dasibel 3 yana raba lokacin biyu. Jin da ya tafi ba ya dawowa, kuma siririn sautin da ake biyan maƙudan kuɗi don a ji shi ne yake fara tafiya.

Garmaho da amfilifaya mai kwalba ba su fi zaƙi ba?

A awo, faifan garmaho yana ƙasa da CD: tazararsa dasibel 60 zuwa 70 ce, yana da ƙas-ƙas, kuma sautin yana raguwa yayin da allura ta kusanci tsakiya. Amfilifaya mai kwalba, wato mai ƙwayayen gilashi a ciki irin na tsohuwar rediyo, tana ƙara wa sauti wani ɗumi da ba ya cikin asalin ɗaukar. Mutane da yawa suna son wannan launin, kuma son halas ne, sai dai a kira shi da sunansa. Ga wanda zai shiga: nauyin allura yawanci giram 1.5 zuwa 2.5 ne, a bi abin da maƙerin ya rubuta. Ana canza ta bayan awa 500 zuwa 1,000. Faifai a tsaye ake ajiye shi, nesa da rana, domin zafin bazara yana lanƙwasa shi.

Wutar lantarkinmu ba za ta lalata kaya masu tsada ba?

Za ta iya, kuma wannan ya fi duk wata maganar waya muhimmanci. Najeriya da Nijar suna kan bolt 220 zuwa 230 da 50 Hz. Kayan hannu da aka yi don Amurka na bolt 120 ne, na Japan bolt 100. Karanta bayan na'ura kafin ka soka. In ba ta yarda da 230 ba, sai da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da na'urar ke sha. Garmahon Amurka wanda injinsa ke bin bugun wuta zai yi tafiyar hawainiya da kashi ɗaya cikin shida a kan 50 Hz, taransifoma kuma ba ta gyara wannan.

Sa sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, domin lokacin da aka dawo da wuta ne ta fi yin ɓarna. Kashe amfilifaya kafin a juya layi zuwa janareta. Wajen kunnawa ita ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, don kada bugun kunna sauran kaya ya faɗa kan sifika. Inbata ta zama mai fitar da wuta sumul irin ta layi. Mai araha da ke fitar da wuta a guntule tana sa taransifomar cikin amfilifaya kuka da zafi. Mai amfani da sola ya nemi amfilifaya ajin D, wadda ke kai wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa ga sifika. Ajin A da masu kwalba suna iya shan wat 100 ko fiye ko da ba a kunna komai ba, su kuma ƙara wa ɗaki zafi.

Gurnanin da ba ya tafiya ko an rage ƙara yawanci daga wayar ƙasa yake. Haɗa duk kayan a soket guda, ka riƙa cire wayoyin shiga ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin. Sau da yawa wayar dish ko eriya ce. Kada ka yanke ƙafar ƙasa ta fulogi don ka kashe gurnani, ita ce ke tsare rai idan wuta ta zubo a jikin ƙarfe.

Zafi da ƙura su ma suna ci a hankali. Kowane ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar kafasita biyu. Bar sarari na santimita 10 a saman amfilifaya, kada a rufe ta a kabad, a lulluɓe ta da yadi in ta huce, musamman lokacin hazo.

In sayi sabo mai araha ko tsoho na hannu mai suna?

Tsohon kirki riba ne idan an duba shi. Danna fatar sifika a hankali da yatsu a kewaye da tsakiya. Idan ka ji gurza, kwayil ya taɓa ƙonewa. Duba zoben soso na gefe, yakan ruɓe bayan shekara 15 zuwa 20, amma ana canza shi. Mita za ta nuna om 5 zuwa 7 a sifika mai om 8. Kanga kunne a kowace tuwita ka tabbatar tana magana. A amfilifaya, kunna ta ba kiɗa, ka auna DC a mafitar sifika: ƙasa da milibolt 50 lafiya, ɗaruruwa kuma alamar gyara. Leƙa ciki ko akwai kafasitar da kanta ya kumbura. Maɓallin da ke ƙarar yashi feshin wanke mahaɗa yake so, ba man inji ba. Ka bar ta tana aiki minti 30 kafin ka biya, wasu cututtukan sai ta yi zafi suke fitowa.

Idan karatun Alƙur'ani da wa'azi na fi saurare, me zan nema?

Sifikar da tsakiyarta ke da tsabta. Muryar mutum tana tsakanin wajen 100 Hz da 8,000 Hz, kuma abin da ke rarrabe haruffa masu kama da juna yana can sama da 2,000. Babbar wufa ba ta da aiki a nan, takan ma lulluɓe murya. Ƙananan sifika biyu masu kyau, kafet da labule, sun fi amfani.

Shi daɗin kiɗan kansa, daga ina yake fitowa?

A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre na Jami'ar McGill a Kanada sun duba ƙwaƙwalwar mutane suna sauraren kiɗan da su da kansu suka zaɓo, irin wanda ke tayar musu da tsigar jiki. Sun ga sinadarin dofamin yana fita a lokacin da kiɗan ya kai ƙololuwa, yana kuma fita tun kafin nan, lokacin da mai saurare ke jiran gaɓar da ya san tana tafe. Sanin waƙa da ƙaunarta su ne tushen, shi ya sa tsohuwar waƙa a ƙaramar rediyo take sa dattijo hawaye. Aikin kaya masu kyau shi ne su kawar da abin da ke shiga tsakani: kaushin da ke gajiyar da kunne, bes mai kumburi, murya mai dushewa.

Akwai kuma tarko. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa yakan koma sauraren kayan maimakon waƙar, yana maimaita faifai biyar ɗin da suka fi fitar da su, yana guje wa waƙoƙin da yake so don ɗaukarsu ba ta da kyau. Wannan asara ce ta gaske. Mai hali da ke son kyan ƙira, ko mai babban falo da ke buƙatar manyan sifiku, ya saya da saninsa, babu laifi. Wanda zai ci bashi don wayar azurfa ne muke ba shawara ya fara yin gwajin zagaye 16.

Ina da tsofaffin kaset na kiɗan gargajiya. Kaya masu tsada za su gyara sautinsu?

A'a, gyaran yana wajen rikodar da ke karanta su. Goge kan da ke karatu da sandar ƙarfen da ke jan zare da auduga da sifirit mai ƙarfi, ka bari ya bushe. Canza bel idan sauti yana rawa, goge da garaya su ne ke fara nuna wannan. Kusa da kan akwai ƙaramin noti mai sifirin: juya shi kaɗan-kaɗan kaset yana tafiya har siririn sauti ya fi fitowa, kuma kowane kaset yana iya buƙatar nasa saitin, tunda a injuna daban-daban aka kwafe su. Kaset ɗin da ya daɗe a ajiye a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi kafin a kunna. Idan ɗan soson da ke bayan zaren ya faɗi, a ɗauko na wani kaset a manna. Sai a haɗa mafitar rikodar da kwamfuta, a ɗauka da manhajar Audacity a matsayin WAV ko FLAC, a bar mafi girman duka ya tsaya wajen dasibel 6 ƙasa da iyaka. Ajiye kwafi guda yadda ya fito ba tare da an taɓa shi ba, a yi rage tsaki a kan kwafi na biyu, kuma da sauƙin hannu, domin yawan tacewa yana tafiya da amon kuntigi tare da tsakin.